Saniya Mai Ƙafa Biyu

A daminar shekarar 1952, wata safiyar Talata, Jalo ya fito tatsa ya tarar da igiyoyi uku yashe a ƙasa babu shanunsu. Shanun na yayarsa ne, Adda Dijatu, wadda rugarta ke bakin fadama gabas da Katagum. Su ke nan masu nono a cikin abin da mijinta ya mutu ya bari, da su take riƙe da marayu huɗu. Ba yanke igiyoyin aka yi ba, kwance su aka yi a natse. An yi ruwa da almuru ya ɗauke, ƙasa ta yi laushin da ko kaza ta gifta sai ta bar shaida. Amma duk kewayen garken babu sawun ɗan Adam sai na Jalo.

Kafin hantsi ruga ta cika da mutane. Tsofaffin mata suka ce ai mutanen ɓoye ne na fadama, dama an san halinsu. Maza kuwa sai kallon Jalo suke ta wutsiyar ido. Kowa ya san yana neman aure, kuma ba shi da ko ɗan maraƙi nasa na kansa.

"Saniya ba ta bin baƙo shiru," in ji wani.

Jalo ya ji, ya sunkuyar da kai. Adda Dijatu ta ce, "Ƙanena ne, ni na goye shi. Ku bar masa baki."

Dagaci ya aika aka kira Talha. Tsohon maharbi ne, ya ba sittin baya, siriri, ba ya son yawan magana. Tun da ya ajiye baka da kwari ya koma bin sawu, duk abin da ya ɓace tsakanin Katagum da Udubo shi ake nema. Da isowarsa ya ja layi da sandarsa ya ce kada wanda ya ƙetare, ya shiga garken shi kaɗai.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya bi sawun ta cikin fadama, Jalo na biye da shi daga nesa. Abu na farko da ya tsinta ɓurɓushin kanwa ne, nan kaɗan, can kaɗan. Ya ɗanɗana ya tofar. Wato da kanwa aka ja su, shi ya sa ba su yi kuka ba.

"Jalo, shanu nawa ka ce?"

"Uku, Baba. Saige da Wule da 'yar baƙar."

"To ni huɗu nake gani."

Ta huɗun ita ce a gaba. Kofatonta a rabe yake sarai, har da 'yan ƙananan kofatan nan biyu na baya da kan taɓa ƙasa in saniya ta shiga laka. Sai dai saniya in tana tafiya, ƙafar baya kan sauka kusa da inda ta gaba ta tashi. Wannan kuwa ɗaya bayan ɗaya take jefa ƙafa, dama, hagu, dama, hagu. Ba ta yi kashi ba, ba ta tsinki ciyawa ko sau ɗaya ba. A gindin wata giyayya ma ta tsaya, kofato biyu a jere, kuma a gabansu ga jan tofi a kan ganye.

Talha ya nuna wa Jalo da sanda. "Shekara hamsin ina daji, ban taɓa gamuwa da saniya mai cin goro ba."

Ya sake tsugunawa a kan sawun, ya bi gefensa da yatsa a hankali, kamar mai shafa sabuwar tabarma. Ya kamata ransa ya ɓaci, amma sai ya ji wani abu daban. Wanda ya yi wannan aikin ya san saniya. Abu ɗaya kawai ya gani da bai yi daidai ba: a ƙafar baya ta saniya, ɓarin kofato na waje shi ya fi girma. A nan na ciki ne babba. Ya ce a ransa, ko gwani yakan yi kuskure.

Sawun ya kai su mashigin kogi ya shiga ruwa. A ƙetare garkuna biyu sun riga sun wuce da safe sun tattake komai.

* * *

Da suka dawo Talha ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. "Ba aljani ba ne. Mutum ne sanye da takalmi mai siffar kofato."

Wuri ya kaure da salati. Sai wata murya ta fito daga baya. Zailani ne mai sayen ƙirgi, wanda ke zagaya rugage da jakinsa yana sayen fatu yana kai wa dukawan Azare. Yana zaune a kan jakin, ƙafafunsa naɗe da tsumma, don ya ce kurkunu ya sako shi gaba a daminar nan.

"Allah ya ba dagaci nasara, ni dai ba na son shiga maganar da ba tawa ba. Amma na taɓa ganin irin takalmin nan a ƙafar mutum ɗaya. Yakubu masinja. Kuma jiya da la'asar ya shigo gari."

Yakubu shi ne mai kawo jakar wasiƙu daga Azare a ƙafa, idan damina ta yanke hanyar mota. Kafin azahar an kamo shi an sa masa mari a zauren dagaci.

Talha ya same shi a can. Saurayi ne dogo, ƙwaurinsa kamar na barewa.

"Takalmin naka ne?"

"Nawa ne, Baba. Malam Babayo baduku ya yi mini. A fadama kaɗai nake sa shi, in na fito tudu sai in cire in jefa a jaka, don yara ba'a suke yi mini. Amma yau mako biyu ba ya hannuna. Ɗinkin dunduniya ya saki, na kai masa gyara, ban karɓo ba. Wannan zuwan ma da ƙafa tsirara na yi shi."

"Wa zai shaide ka daren jiya?"

"Ni kaɗai na kwana a shagon masauki." Ya dubi marin da ke ƙafarsa. "Baba, in aka kai ni gaban alkali da sunan sata, ko an sake ni En'e ba za ta sake ba ni jakarta ba. Gudun nan shi ne nomana."

Talha ya fito zuciyarsa ba daɗi. Bakinsa ne ya ja wa yaron nan mari. Ya roƙi dagaci ya ba shi kwana bakwai kafin a tura maganar gaba. Dagaci ya ce ya ba shi, amma in ya dawo hannu rabbana, masinja zai tafi gaban alkali, kuma za a nemi a hana badukun nan sana'a, tun da kayan sata yake ƙerawa.

* * *

Kwana biyu ya yi a hanya. A Azare bai sha wahalar tambaya ba, yaro da babba duk sun san zauren Malam Babayo a bayan kasuwa.

Talha ya yi sallama ya shiga, sai ya tsaya cak. Ya san zauren dukawa: layu, zabira, kube, takalma faɗe. Wannan kuwa daga rufi har ƙasa wasu irin takalma ne rataye da bai san sunansu ba. Mai zauren gajere ne mai furfura, da tabarau ɗaure da zare a keya, yana yanka tsohuwar tayar mota da aska.

Bayan gaisuwa Babayo ya lura da inda idon baƙonsa yake, ya ajiye askar da murna irin ta wanda aka taɓo masa inda yake so.

"Ɗauko wancan, Malam. Ji nauyinsa."

Talha ya ɗauko. Faffaɗa ne, zagayayye, ba nauyi ko kaɗan, in an danna ƙasansa sai ya lotsa ya dawo.

"Audugar rimi ce a ciki. Na masu ratsa rairayi ne. Raƙuman Buzaye na zauna na kalla a zango, na ga tafin raƙumi baje kansa yake yi, shi ya sa ba ya nutsewa. Wannan kuma na 'yan ƙwallo ne na makaranta. Bature ya zo da nasa mai ƙusoshi, yaranmu suka rasa, sai na gyara ƙahon rago na dasa guda shida a ƙasa. Saman tamfol ɗin mota ne, su suna ce masa kambas."

Akwai wani ƙafa ɗaya tak, ba shi da ɗan'uwa. Talha ya tambaya ko ɗayan ya ɓata ne. Babayo ya yi dariya har tabaransa ya zame. "Na langa ne! Mai langa da ƙafa ɗaya yake tsalle, me zai yi da biyu?"

Can a lungu Talha ya ga wani da aka ɗinka da fatar tunkiya, gashin a waje ta ƙasa. Bai buƙaci bayani ba. Ya juya shi a hannu ya ce, "Da na sami wannan ina saurayi, da gada ba ta ji tahowata ba."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Fara'ar Babayo ta ɗauke.

"Innalillahi. Ni don alheri na yi shi. Bara yaron nan ya zame a fadama ya gurɗe, wata guda yana kwance. Na ce ya za a yi saniya mai nauyin mutum biyar ta ratsa taɓon da ɗan Adam ke faɗuwa? Na gano kofaton ne ke buɗewa ya kama laka, in ta ɗaga ya rufe ya saki. Sai na sassaƙa taya haka nan, na raba ta biyu, na sa 'yan ƙulli biyu a dunduniya don birki."

"Ya ce ya kawo maka gyara."

"Ya kawo. Na gyara na rataye a wancan ƙusar. Ranar kasuwa na tafi masallaci, na dawo babu. Na ɗauka shi ya zo ya ɗauka, don yakan yi haka in yana sauri."

Talha ya dubi ƙusar. Shaidar da ya zo nema don ta wanke Yakubu, ita ce ke neman ɗaure shi.

Sai aka ɗaga labulen ƙofar cikin gida. Wata dattijuwa ta leƙo da basilla a hannu. Ya Gana ce, matar Babayo, ita ke ɗinka saman takalman tun da idonsa ya fara rauni.

"Ni ban ji muryar Yakubu ba ran nan," in ji ta. "Yakubu ba ya shigowa bai gaishe ni ba. Mutum biyu na ji. Malam Tukur na makaranta ya yi sallama, na ce Malam ba ya nan. Sai mai ƙirgi ya sauke fatu ya tafi."

"Malam Tukur kam ya sha roƙona in sayar masa da takalmin nan," in ji Babayo a sanyaye. "Na hana shi."

* * *

Talha ya sami Malam Tukur a filin makaranta yana koya wa ɗalibai tsallen igiya. Saurayi ne ɗan gaye, da gajeren wando da agogo. Da ya ji zancen bai ɓoye komai ba.

"Na so shi kamar in yi me. Sau ɗaya Malam Babayo ya sa mini da hannunsa na zagaya bayan gari bayan ruwa, wallahi kamar ana tura ni. Amma in sace? In sa a ina ba a gan ni ba?"

"Ina kake daren Litinin?"

"Misau. Mun kai yara gasar tsere, kwana uku muka yi. Ga hedimasta can, ga yara ashirin, tambayi wanda ka ga dama."

Talha ya tambaya, haka ne. Ya koma zauren Babayo da la'asar jiki a sanyaye. Kwana uku sun tafi, ba shi da komai a hannu sai zargin da ba shi da ƙafa. Mai ƙirgi ya zo zauren, to, amma kullum yana zuwa. Ba a ɗaure mutum don ya sauke fatu.

Ya Gana ta aiko musu da fura. Suna sha Talha ya ce, don dai ya faranta wa tsohon rai, "Malam, ko me za a yi maka, ni na shaida ban taɓa ganin aiki irin naka ba. Ka ruɗe ni har ƙasan fadama. Kuskure ɗaya kawai na kama."

Babayo ya ajiye ludayi. "Wane kuskure?"

"Ɗan ƙarami ne. Ɓarin kofato babba a waje yake zama. Kai ka sa shi a ciki."

"Ni?" Tsohon ya miƙe tsaye. "Ni Babayo? Mako guda na yi a mahauta ina juya ƙafafun shanu har mahauta suka ce na taɓu! Ya Gana! Miƙo mini na gwajin nan da ke cikin adudu!"

Ta kawo wasu tsofaffin takalma, su ne na farko da ya yi kafin ya yi na Yakubu. Babayo ya dangwara su gaban Talha.

"Duba da idonka. Ɗaki biyu ne a gaba. Ƙaramin na babban yatsa ne shi kaɗai, yana ciki. Babban na sauran yatsu huɗu ne, yana waje. Ina kuskuren?"

Talha ya ɗauki takalman ya musanya su, na dama ya koma hagu. Ya zuba musu ido.

"Malam, in mutum bai taɓa sa shi ba, babu kuma wanda ya nuna masa, ina zai kai babban yatsansa?"

Babayo ya ce a hankali, "Babban ɗaki. Kowa haka yake fara yi, sai na gyara masa."

"In ya yi tafiya a haka, tun daga ruga har ƙetaren kogi?"

"Ai bangon da ya raba ɗakunan ƙirgi ne, ninki biyu. Maimakon ya zauna a gefen babban yatsa inda akwai fili, zai faɗa tsakanin ƙananan yatsu. Zai yanka shi kamar wuƙa. Ƙafa biyun duka, wuri ɗaya."

Talha ya shanye furarsa ya miƙe. "Nemi jaki, Malam. Da asuba za mu tafi, kuma da waɗannan za mu."

* * *

Ranar kwana na shida dagaci ya tara mutane a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Aka fito da Yakubu da marinsa. Jalo na gefe kusa da yayarsa. Talha ya sa an kira duk wanda ya saba shiga rugar: mahaucin gari, da wani mai tallan gishiri, da Zailani, wanda ya sauko daga jaki da ƙyar ya zauna ya miƙe naɗaɗɗun ƙafafunsa.

Talha ya sa aka kwara tulu biyu na ruwa a ƙasa. Babayo ya kwance ƙunshinsa. Da takalman suka bayyana mutane suka matso suna leƙe, har dagaci ya karɓi ɗaya ya juya shi, ya danna kofaton ya ga ya buɗe ya koma, ya ce, "Ikon Allah."

"A cire wa masinja mari," in ji Talha. "Yakubu, sa ka taka."

Yakubu ko duba su bai yi ba, ƙafafunsa suka shige kamar sun dawo gida. Ya ratsa jiƙaƙƙen wurin ya dawo.

"Jalo, kai ma sa."

Jalo ya juya su, ya yi tunani, ya tura babban yatsansa a babban ɗaki. Ya yi taku goma yana yamutsa fuska.

Talha ya kira dagaci ya nuna masa layi biyun. "Na Yakubu, babban ɓari a waje. Na Jalo, a ciki. Sawun da na bi a fadama irin na biyun ne. Wanda ya saci shanun nan bai san yadda ake sa takalmin ba. Yakubu kuwa damina guda ya yi a cikinsa."

Nan take wuri ya hargitse. "Mun faɗa! Jalo ne!" Wasu har sun fara miƙewa. Adda Dijatu ta riƙe hannun ƙanenta.

Talha ya buga sandarsa a ƙasa. "Ku saurara. Da mahauci na ba, shi ma haka zai sa. Jalo, cire ka nuna musu ƙafarka."

Jalo ya cire. Tsakanin ƙananan yatsunsa har ya yi ja, amma fatar lafiya lau.

"Taku goma ke nan," in ji Talha. "Ɓarawon nan ya yi tafiyar da ta fi mil uku a cikin laka. Wurin nan a ƙafarsa ba ja zai yi ba, tsagewa zai yi, dama da hagu, kuma ba zai warke a kwana shida ba. Allah ya ba ka nasara, abin da nake roƙo kowa ya nuna ƙafarsa."

Yakubu ya miƙa nasa. Mahauci ya ware yatsunsa yana dariya. Mai gishiri ma haka. Ido ya koma kan Zailani.

"Haba jama'a, ni da nake fama da kurkunu? Mai magani ya ce kada iska ta taɓa."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Talha. "Ni ma na yi shi sau uku, ba abin kunya ba ne. In kurkunu ne za mu gan shi a idon sawu ko a ƙwauri, mu ba ka haƙuri."

"Ban yarda ba. Ni na taimaka aka kama ɓarawo, yanzu ni za a wulaƙanta?"

Dagaci ya dubi ɗan dokan da ke tsaye a gefe. Ɗan doka ya durƙusa ya fara warware tsumman. Ƙwauri lafiya, idon sawu lafiya. A tsakanin yatsa na uku da na huɗu kuwa ga tsaga ta yi ruwa ta kumbura. Aka kwance ɗayar ƙafar, ga 'yar'uwarta a daidai wurin.

Zailani ya dubi ƙafafunsa kamar na wani ne, sannan ya kifa kai a gwiwa.

Bai wahalar da kowa ba bayan haka. Ya ce tun ranar da ya ga Yakubu na ratsa fadama ya ƙulla abin a ransa. Watanni ya yi yana ba shanun Adda Dijatu kanwa da hannunsa in ya zo sayen fata, har suka san warinsa. Ya kai su wurin wani abokin cin mushensa a ƙetaren kogi, ya dawo a kan jaki kafin gari ya waye sosai. Takalmin kuwa yana ƙarƙashin fatu a cikin mangalarsa, ya rasa zuciyar jefar da shi.

Washegari aka dawo da Saige da Wule. 'Yar baƙar an riga an kai ta wata kasuwa, ba a sake ganinta ba. Adda Dijatu ta rungume wuyan Saige tana kuka tana yi mata magana da Fillanci. Mutanen da suka zargi Jalo suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya suna ce masa a yi haƙuri.

* * *

Saura maganar takalmin. Dagaci ya ce a ƙone shi, kuma Babayo ya yi alkawarin ba zai sake yin irinsa ba. Tsohon ya cire tabaransa yana gogewa.

Talha ya durƙusa. "Allah ya ba ka nasara, in yi magana?"

"Yi."

"Ni da sawu na tsufa. Ɓarayi nawa suka tsere mini da ƙafa tsirara. Wannan takalmin shi ya kama nasa ɓarawon, ya yi masa tambari a ƙafa biyu. Kuma wasiƙar da za ka aika wa alkali a kan Zailani, wa zai ratsa fadama da ita a wannan ruwan?"

Dagaci ya shafa gemu. "In gobe wani ya fi wannan wayo, ya sa shi daidai fa?"

Babayo ya mayar da tabaransa. "A ba ni aska."

Aka miƙa masa. Ya zauna a ƙasa nan gaban jama'a, ya kifa takalmin Yakubu a gwiwa, ya sassaƙa siffar basilla a tsakiyar kowane kofato, mai zurfi, da 'yar kafar zarenta. Ya hure ɓurɓushin tayar, ya danna takalmin a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ɗaga. Basillar ta fito raɗau, ko yaro zai gane ta.

"Daga yau duk abin da ya fito daga zaurena da wannan zai fito. Wanda ya ga saniya da basilla a kofato, ya zo Azare ya tambaye ni, zan faɗa masa ƙafar wa na auna."

Dagaci ya yi murmushi ya ce a kawo takarda.

Da aka gama rubutu Yakubu ya sa wasiƙar a jaka, ya zauna ya ɗaura takalminsa nan cikin gari, bai damu da yaran da suka kewaye shi ba. Idon sawunsa duk shatin mari ne. Ya gaida dagaci, ya durƙusa wa Babayo, ya zo gaban Talha ya tsaya.

"Tafi," in ji Talha. "Hadari na haɗowa."

Rabin gari ya raka shi bakin fadama. Ruwan jiya ya kwanta, taɓo har gwiwar jaki. Yakubu ya gyara jaka a kafaɗa ya faɗa ciki a guje. Laka na tashi a bayansa, bai zame ba, bai rage sauri ba, har ya zama ɗan ɗigo a cikin kore ya shige bayan giginyu.

Babayo ya kama hannun rigar Talha. "Malam, idona ba ya kai can. Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Tsohon ya saki rigar ya share ido da bayan hannu. "To alhamdu lillahi. Amma dunduniyar hagun nan tana ɗan jan laka, na ji ƙararta. In ya dawo sai na rage ta."